Kogon Lascaux da baƙi ke shiga ba shi ne na asali ba

Yana ɗan damuna yadda ake yawan cewa duk wanda ya je Montignac, wani ƙaramin gari a bakin kogin Vézère a yankin Dordogne na Faransa, zai shiga ainihin kogon Lascaux ya ga zanen dawakai da shanun daji da aka yi kimanin shekara 17,000 da suka wuce. Ban ga laifin masu wannan zato ba: inda ake kai baƙi akwai duhu da sanyi, bangon kuma kamar dutse sak.

Sai dai kwafi ne. Samari huɗu ne suka gano kogon a 1940, aka buɗe wa jama'a a 1948. Kafin a ankara, har mutum 1,200 kan shiga a rana guda. Numfashinsu da ɗumin jikinsu suka sauya iskar ciki, gansakuka ta fito a bango, wani farin ɓawo ya soma lulluɓe zanen. Hura numfashi a madubi ka ga yadda yake raɓa, sannan ka ƙaddara mutum dubu na yin haka kullum a ɗakin da ya shafe dubban shekaru a toshe. A 1963 ministan al'adu André Malraux ya sa aka rufe shi.

An buɗe kwafin farko, Lascaux II, a 1983, mita 200 daga na asalin. A 2016 aka ƙara wani kwafin, Lascaux IV, a gindin tudun da kogon yake, wanda ya kwaikwayi kusan kogon gaba ɗaya. Na asalin kuwa masu kula da shi da 'yan masana ƙalilan ne ke shiga, su ma ba sa daɗewa.