Ganyen da ba ganye ba

Tun da na koma birnin Lesta na Ingila da zama, nakan kai 'yata gidan tarihin da ke New Walk ranar Asabar. Abin da ya fi tsaya mini a rai a can wani dutse ne mai ɗauke da sawun wata halitta, kai ka ce zarban dabino aka danna a laka ya bushe. Sunanta Charnia. Wani ɗan makaranta, Roger Mason, ya gano ta a dajin Charnwood a 1957, kuma Trevor Ford na Jami'ar Lesta ya yi bayaninta a 1958. Dutsen ya haura shekara miliyan 550, zamanin da a da masana ke ganin babu wata halitta babba da ta bar sawu.

Har yau ba a gama gardama a kanta ba. Da farko aka ce ciyawar ruwa ce, daga baya aka danganta ta da wata dabbar teku mai kama da gashin tsuntsu. Wani masanin burbushin halittu kuwa, Adolf Seilacher, ya ce wani jinsi ne daban da ya shuɗe bai bar zuriya ba. Ba ta da baki, ba ta da hanji, tana manne a ƙasan teku inda hasken rana ba ya kaiwa, don haka da wuya ta zama tsiro. Binciken baya-bayan nan ya fi karkata ga cewa dabba ce.

Akwai abin da ke mini ciwo a labarin. Shekara guda kafin Mason, wata yarinya, Tina Negus, ta ga wannan sawu, malamarta ta ce ba zai yiwu ba. Na san wannan muryar sarai. A ajinmu a Sakkwato, halitta ko dabba ce ko tsiro, ka haddace ka rubuta a jarrabawa, kuma malami ba ya cewa "ban sani ba". Bambancin dai shi ne nan sun dawo sun amsa kuskurensu, sun karrama Tina.

Mu fa? A yankin Goronyo aka tono ƙasusuwan wata dabbar teku mai rarrafe, har aka raɗa mata suna Goronyosaurus, domin teku ya taɓa malale ƙasar Sakkwato. Ni da na tashi a jihar, sai a Ingila na fara jin sunanta, kuma har yanzu abin yana ƙona mini rai.