Ku bar wa Arsenal rigarta ta zauna

Magoya bayan Arsenal na Zariya, ina da magana a kan rigar kulob ɗinmu, kuma ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ban yarda da wannan ɗabi'a ta fitar da sababbin riguna uku a kowace kaka ba.

Jan da muke taƙama da shi ya girmi kakanninmu. An kafa ƙungiyar a 1886, amma fararen hannuwan nan da suka bambanta ta da sauran masu jar riga, kocinta na lokacin, Herbert Chapman, ne ya kawo su a 1933. Tun daga nan ko daga nesa ka hango ja da farin hannu ka san Arsenal ce. Umbro ta yi shekaru tana ɗinka rigar, Adidas ta karɓa a 1986, Nike ta shigo a 1994 ta yi shekara 20. Puma ta riƙe daga 2014 zuwa 2019, sannan Adidas ta dawo. Kamfanin da ake sa tallarsa a ƙirjin rigar kuwa, JVC ne daga 1981 har 1999, sai Dreamcast, sai O2, sai Emirates tun 2006.

Zamanin Nike shi ne hujjata. A yawancin shekarun nan rigar gida kaka biyu take yi kafin a sauya ta, shi ya sa kowace take da labarinta. Lokacin da Nwankwo Kanu ya zo a 1999 da lambarsa 25, da yawanmu a nan muka koma Arsenal saboda shi. Ya fara da JVC a ƙirji, kaka ta gaba aka sa Dreamcast a kan rigar, a kakar ce kuma ya zura wa Chelsea uku a gidanta. Rigar O2 ta 2002 zuwa 2004 fa? Da ita aka gama gasar Firimiya ta kakar 2003/04 kaf ba a doke mu ba. Ka shiga gidan kallo a Tudun Wada ko Samaru sanye da ita, ja ya koɗe, harafin baya ya fara ɓarewa, za ka ga dattijo ya taso ya ba ka hannu yana kiran Henry da Vieira da Pires. Haka ma mai duhun ja ta 2005/06, wadda aka yi bankwana da filin Highbury da ita. Wannan sauyi yana da dalili, kuma na karɓe shi hannu bibbiyu.

Yanzu ku gaya mini tsakani da Allah, wa zai iya bambanta rigar gida ta 2016 da ta 2017 ba tare da ya duba waya ba? Tun zuwan Puma kowace kaka da tata, ta gida, ta waje, da ta uku. Kafin ka saba da ɗaya an ce ta tsufa. Abin ya zama kamar ankon biki, a sa sau ɗaya a jefa ƙasan akwati.

Na san amsar da za a ba ni: kuɗin kamfanonin nan ne ke sayo 'yan wasa. Gaskiya ne, ba na musu. To amma ku dubi Adidas da kanta. Da ta dawo a 2019, rigar waje da ta fitar kwaikwayo ce ta mai ruwan ɗorawa da zane-zanen nan ta 1991 zuwa 1993, mutane kuma suka yi rububinta. Wato su ma sun san tsohuwar da ta zauna a zukata ita ke sayuwa.

Sannan ga aljihunmu. Kuɗin riga ta asali guda ɗaya ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 nesa ba kusa ba. Dole matashi ya nufi kasuwar Sabon Gari ya sayi kwafi, ko ya tona dilar gwanjo ko Allah zai sa ya dace. Ni ban taɓa raina mai kwafi ba, kuma ina roƙon masu yi wa yara gori a gidan kallo su daina. Wanda ya tara kuɗin kabu-kabu ya sayi riga a watan Agusta bai cancanci a ce masa ta wuce yayi kafin shekara ta zagayo ba.

Abin da nake so a fili yake: rigar gida ta riƙa yin kaka biyu kamar da, ja da fararen hannuwa cikakku, kada a sake irin ta 2008 da aka rage farin ya koma ɗan layi. Ta waje da ta uku, su yi ta gwaje-gwajensu a can.