Masu yi wa motar Davidson dariya, ku san abin da kuke kallo

Tun jiya ake yawo da hoton nan na motar Davidson mai taya uku, an rubuta a kai wai "tankar yaƙi ta farko a duniya", a ƙasa kuma jama'a na ta sheƙa dariya wai Keke Napep ce aka ɗora wa bindiga. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wanda ya saka hoton bai faɗi daidai ba, don tanka a kan sarƙa take tafiya, kuma sojojin Ingila ne suka fara shiga yaƙi da ita a Somme ta ƙasar Faransa cikin Satumban 1916. Amma masu dariyar sun fi shi laifi, domin malamin makaranta suka wulaƙanta, mutumin da duk abin da ya ƙera sai ya fitar da shi kan hanya ya ga inda zai karye.

An haifi Royal Page Davidson a 1870 a Amurka. Mahaifinsa, Harlan Page Davidson, shi ya kafa makarantar Northwestern Military Academy a garin Highland Park na jihar Illinois a 1888, ɗan ya yi koyarwa a can har ya gaji shugabancinta. Wajen 1899, lokacin da dawakai da alfadarai ke jan kayan kowace runduna a duniya, ya samo mota mai taya uku ƙirar Duryea daga garin Peoria, ya kafa mata bindigar Colt samfurin 1895 a gaba, da 'yar garkuwar ƙarfe.

To ku dubi abin da ke faruwa. Bindiga da harsasanta da mai harbi duk nauyinsu ya taru a sama, kuma gaban motar a kan taya ɗaya tilo yake. Da direba ya sha kwana da ɗan gudu, ko tayar gaban nan ta faɗa rami, babu abin da zai tokare ta ta gefe, sai kifewa. A zane ba a ganin wannan, sai an hau hanya. Shi ya sa a 1900 ya mai da ita taya huɗu. Hoton da kuke wa dariya matakin farko ne, kuma mai shi ya riga ku gano aibinsa da shekara fiye da ɗari.

Ita kanta bindigar tana da nata hali. Ƙirar John Browning ce, iskar harsashi ke tura wani hannun ƙarfe a ƙarƙashin bututu, ya yi ƙasa ya dawo, shi ke jawo harsashi na gaba daga ɗamara. In aka kafa ta kusa da ƙasa hannun nan tonon ƙasa yake yi, don haka dole a ɗaga ta a bar masa wuri, ɗagawar kuma ƙara wa mota rinjaye take yi. Ba ta da ruwan sanyaya, in aka daɗe ana harbi bututu ya yi jajir, harsashin da ke ciki na iya tashi da kansa. Duk wannan ɗalibansa sun gani da idonsu, sun taɓa da hannunsu. Su ne ma suka haɗa motoci biyu masu aiki da tururi a ɗakin koyon sana'a na makarantar. Daga baya ya ɗora bindigogi a kan motocin Cadillac don harbo balan-balan ɗin leƙen asiri, ya shigar da su gasar juriya ta Glidden a 1910. Kan hanya dai.

Na ga masu cewa ai sojan Amurka bai sayi motocinsa ba, ai wani injiniya mai suna Simms ma ya yi irinta a Ingila a lokacin. Sai me? Rashin mai saye bai rage komai daga abin da yaran nan suka koya ba.

Ku zo 1915. Ya haɗa ayarin motoci takwas, ciki har da mai sulke a kan Cadillac, da ta asibiti, da ta girki, da masu wayar iska, ɗalibai suka tuƙa su daga Chicago zuwa baje kolin San Francisco cikin kwana 34, a zamanin da galibin hanyar turɓaya ce da taɓo. Wanda ya san ƙarfe ya san girman wannan. Farantin ƙarfe mai kaurin milimita 6, murabba'in mita ɗaya, ya kai kilo 47. Ka rufe mota da murabba'in mita goma, ka ɗora mata kusan rabin tan kafin mutum ɗaya ya shiga. Sifirin zai kwanta, birki zai yi zafi a gangara, taya za ta fashe. Ka rufe gaban lagireto don kare shi daga harsashi, iska ta daina shiga, ruwa ya tafasa a hawan dutse. Ka buɗe shi, harsashi ɗaya ya tsayar da motar. Babu mai warware wannan a zaune cikin aji. Sai an ɗauki mota an kai ta inda babu gareji, ta lalace, yaro ya kwanta ƙarƙashinta da sifana.

Wannan shi ne Davidson, kuma a kan haka ya riƙe makarantar bayan ta koma bakin tafkin Geneva a jihar Wisconsin, har kusan rasuwarsa a 1943.

Kuma ku lura, sai a 1919 rundunar sojan Amurka ta fitar da nata babban ayarin daga Washington zuwa San Francisco, ya ci kwana 62, manyan motoci na nutsewa a taɓo suna karya gadojin katako. Cikin hafsoshin da suka bi ayarin akwai wani matashi, Eisenhower, wanda da ya zama shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar gina manyan titunan Amurka a 1956.