Alhaji Zai Yi Wa Surukan Shakespeare Rufin Kwano

Bakano ya je Ingila sarin kaya, sai Bazazzage da ke karatu a can ya ja shi yawon buɗe ido ƙauyen Shottery, kusa da Stratford.

Bakano: Malam, tun daga Landan ka kwaso ni a jirgin ƙasa don in ga jinka? Ai ko a Dawakin Tofa an daina wannan.

Bazazzage: Alhaji, rage murya. Gidan su Anne Hathaway ne, matar Shakespeare, shahararren marubucin nan na Ingila. Tun 1463 aka kafa ɓangaren farko, daga baya aka yi ƙari har ya kai ɗaki 12.

Bakano: Ɗaki 12 amma ba bandir ɗaya na kwano! Shi mijin ba ya da hali ne?

Bazazzage: Yana da shekara 18 ya aure ta a 1582, ita tana 26.

Bakano: Shi ya sa. Yaro ya auri yayarsa, ina zai tuna da rufin surukai? To wannan bangon fa, ina bulo?

Bazazzage: Wannan sashen ba bulo. Katako ne ke ɗauke da gidan. Tsakanin katakon a saƙa tsumagu kamar asabari, a kwaɓa laka da ciyawa da kashin shanu a yaɓe, sannan a shafa farar ƙasa.

Bakano: Kashin me?

Bazazzage: Shanu.

Bakano: Bature? Da kashin shanu? Wallahi sai na ba da labari a Kwari.

Bazazzage: Sunkuyo, ƙofar gajera ce... na ce sunkuyo!

Bakano: Wash! Hulata! Su mutanen da duk wadanni ne?

Bazazzage: Ɗaga kai ka ga waɗancan itatuwa biyu masu lanƙwasa. Daga ƙasa suka taso suka haɗa kai a sama, su ke riƙe da jinkar.

Bakano: Wannan ai bakan gizo ne irin na soron kakana, sai dai namu da azara ake yi. To ni dai zan yi sadaka. Nemo min kafinta, a yaye ciyawar nan a buga kwano mai ruwan bula, a sa tagar gilas, a daɓe ƙasa da tayil.

Bazazzage: A kuma ɗaure ka. Gidan yana aji na ɗaya a rajistar gine-ginen tarihi. Ko taga ba ka canzawa sai da izinin ƙaramar hukuma. A 1969 gobara ta ci wani sashe, da aka tashi gyara ciyawar aka sake baibayawa.

Bakano: Wuta ta yi musu gargaɗi ba su ji ba. Tsaya, wancan layin na mene ne? Rabon zakka?

Bazazzage: Tikiti suke saye. Tun 1892 wata gidauniya ta sayi gidan, mutane daga ko'ina suna biya su shiga.

Bakano: Da fam?

Bazazzage: Da fam.

Bakano: Kowa da kowa? Har wancan mai goyo?... Ara min wayarka. Assalamu alaikum, Ƙanina? Soron Kaka da na ce a rushe a yi shaguna, a dakata! Me? Tun shekaranjiya? Innalillahi! To azarar fa? An dafa taliya da ita?

Bazazzage: Sannu, Alhaji.

Bakano: Rufe min baki. Ƙanina, kana ji? Garken shanun bayan gida, kada wanda ya share shi sai na dawo.