Masu sayar da fenti a Maradi, ku ji tsoron Allah

Haba jama'a! Mai zane ya yi kwanaki a tsugune kan allon shago, ya fidda haruffa ɗaya bayan ɗaya, ya zana jar akuya ga mahauci ko kan aski ga wanzami, damina ba ta kai tsakiya ba allon ya fara ɓarewa. Mai shago kuwa bai san hanyar kantin fenti ba, rumfar mai zane ya sani, can yake zuwa da faɗa: «Malam, ka cuce ni.» Alhali wanda ya yi cutar yana zaune cikin kantinsa yana shan iskar fanka.

Ga yadda ake yin ha'incin, don kada a ce ƙazafi ne. Gwangwanin fentin mai na kilo 4 ake ɓalle wa murfi, a ɗebi wani kaso, a cike gurbin da kananzir, a mayar da murfi a bubbuga. Abin da aka ɗeba a zuba a robobin ruwa, shi ma a tsinka shi, a sayar wa mai ƙaramin ƙarfi. Fentin mai na kirki ba ya son abin tsinkawa ya wuce kashi 10 cikin 100, shi ma da ruwan tsinka fenti na ainihi. Kananzir ba ya tashi da wuri, maiƙonsa yana zama cikin fentin. Shafin da ya kamata ya daina kama yatsa cikin awa 6 zuwa 8 sai ya kwana biyu yana danƙo. Masu zuba isansi, wato fetur, kuma tasu ɓarnar daban ce: yana tashi tun buroshi bai gama tafiya ba, sawun gashi ya fito layi-layi, ƙyalli ya mutu. Ka tsoma sanda ka ɗaga, maimakon fenti ya sauko da kauri, sai ya tsiyaye kamar tsinkakken koko.

Fentin ruwa kuma alli ake dankara masa. Bokiti ya yi nauyi, ido ya ga fari tas, amma gam ɗin da ke riƙe launi ya yi kaɗan. Bayan ya bushe ka shafa tafin hannu a bango, hannunka ya fito fari. Ruwan sama na farko zai wanke shi har ƙasa.

Wanda bai san aikin ba yana ganin shafawa ce kawai. Allon kwano sai an goge shi da sanfefa, an wanke maiƙo da omo, ya bushe sarai. In sabon kwano ne mai ƙyalli, fentin mai ba ya kama shi kai tsaye, dole a kashe ƙyallin a sa shafin ƙasa da ya dace da shi, in ba haka ba ya saluɓe falle-falle. In baƙin ƙarfe ne a sa jan fentin hana tsatsa, a bar shi ya kwana. Sannan launin da rubutu zai zauna a kai, shafi biyu, tsakaninsu kwana ɗaya. Sai a buga layi da zaren da aka shafa wa alli, a zana haruffa da alli, a bi da buroshi, daga ƙarshe a sa inuwa da hoto. Kwana huɗu ke nan in komai ya tafi daidai. Kuma sai da sassafe, don a watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, kwanon da ya sha rana yana busar da saman fenti cikinsa ɗanye, ya yamutse. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Fenti mai kyau yana rufe fuskarsa kafin iskar yamma, amma mai kananzir yana nan a jiƙe, duk abin da iska ta kwaso daga titi a kansa zai zauna. Babu gyara sai kankarewa. Wa zai biya sanfefar da kwanakin? Mai zane.

Jan launi ya fi ban haushi. Ko mai kyau ne, ja ya fi saurin kodewa a rana. To ina ga wanda aka rage wa ƙarfi tun daga kanti? Ka zaga unguwanni ka ga allunan da baƙin rubutu ya rage, jan ya koma ruwan hoda, lambar waya rabi ta ɓace.

Ka yi magana a ce maka boda. Gaskiya ne yawancin kayan nan daga Kano da Katsina suke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, kuma Najeriya ta rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023. Kaya sun yi tsada, mun yarda. Amma an buɗe a 2024, me ya hana gwangwani komawa yadda yake? Rufe boda ne ke ɓalle murfi? Tsada daban, algus daban. A faɗa mana kuɗin na gaskiya, mai iya saye ya saya.

Masu zanen hoto a kan yadi su ne abin tausayi. Abin zanawa bai ƙare ba a ƙasar nan: 'yan kokowa da layunsu a fili, dawakin hawan Sallah a ƙofar Sarkin Katsinar Maradi, matan da ke tallar ƙuli-ƙuli, dagin da magina ke fiddawa a fuskar soro. Kayan aikin ne babu. Launin tub, wanda ake matsowa kamar man goge baki, sai an yi saƙo Kano ko Yamai, wani ya iso a daskare don ya shekara a kanta cikin zafi. Dole mutum ya koma yadin akoko, ya ɗaure a katako, ya haɗa gam ɗin kafinta da ruwa daidai wa daida ya shafa, ya bi da farin fentin ruwa shafi biyu ko uku yana gogewa a tsakani. To gam ɗin ma an tsinka shi! Yadin ya shanye mai, launi ya dushe, bayan hoton ya yi tabo, a kwana a tashi zaren ya ruɓe. Hoton da wani zai rataya a falonsa shekaru ke nan.

Don haka kada wanda ya ƙara karɓar gwangwani a rufe ya tafi. A duba bakin murfi, in akwai sawun sukuddireba ko busasshen fenti a gefe, an taɓa shi. A sa a buɗe a gaban mai kanti, a sansana, warin kananzir ba ya ɓuya. A juya da sanda har gindi a ji ko akwai dunƙulen da ya kwanta. A tafi da guntun katako mai baƙin fenti a ja layi ɗaya a kai: in baƙin yana leƙowa ƙuru-ƙuru, a ajiye masa kayansa. Na roba kuwa, wanda ba suna ba kwanan wata, ko kyauta ne kada ya hau allon mutane. Mai kantin da ya ce ba a buɗewa sai an biya, a ce masa ya rubuta a takarda cewa zai karɓi kayansa in bai bushe ba zuwa gobe. In ya ƙi, kanti na gaba.