Koren kambu a damtsen yaro ba zai gyara halin manya ba

Tun da aka shiga kakar wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara ta bana, duk taron iyaye da na halarta a garin da nake zaune a lardin Ontario na ƙasar Kanada sai an taso da maganar koren kambu, kuma ana yin ta cikin fara'a da yabon kai kamar an gano bakin zaren matsalar da ta addabi wasan yara shekara da shekaru. Kambun wani ɗan koren ƙyalle ne da ake ɗaura wa alƙalin wasan da bai kai shekara 18 ba a damtse, domin iyaye da masu horarwa su san cewa yaro ne ke riƙe da usur, su sassauta masa. A Montreal aka fara shi a shekarar 2020, daga nan ya bazu zuwa gabashin Ontario da wasu yankunan Kanada da Amurka. Ba na shakkar kyakkyawar niyyar waɗanda suka ƙirƙiro shi. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda shugabannin ƙananan ƙungiyoyi suka rungume shi suka miƙe ƙafa, alhali laifin na manya ne, alamar kuma a jikin yaro aka rataya ta.

Shekara uku ke nan ina aikin sa-kai a filin da ɗana ke wasa, ina zama a ɗan ɗakin gilashin da ke tsakanin bencinan masu laifi, inda ɗan wasan da aka hukunta ke zama na 'yan mintuna, ina kula da agogo da rubuta sakamako. Daga wannan wurin mutum yana ganin aikin alƙalin wasa fiye da yadda duk wani mai zama a saman benci zai gan shi. Filin ƙanƙarar nan tsawonsa ƙafa 200 ne, faɗinsa ƙafa 85, a kansa akwai yara goma sha biyu sanye da takalma masu kaifin ƙarfe, kowa da gora a hannu, suna bin wani ɗan faifan baƙar roba mai nauyin kusan giram 170 wanda ido ba ya iya binsa idan aka maka shi da ƙarfi. A gasar ƙwararru ta NHL mutum huɗu ke raba wannan aiki, biyu na hukunta laifi, biyu na kula da layi, ga kuma kyamarori ta kowace kusurwa. A wasan ƙananan yara na safiyar Asabar kuwa galibi mutum biyu ne kacal, kuma sau da yawa dukansu 'yan makaranta ne. Su za su lura da satar gida a shuɗin layi, su za su jefa faifan a tsakanin 'yan wasa, su za su tantance ko yaro ya faɗi da kansa ko an sa masa gora a ƙafa, su za su bambance gogayyar kafaɗa da aka yarda da ita da bangazar jiki da hukumar wasan ta Amurka, USA Hockey, ta haramta wa 'yan shekara 11 da 12 tun 2011, takwararta ta Kanada, Hockey Canada, kuma ta bi sahu a 2013. Duk wannan suna yi ne suna gudu a kan ƙanƙara, wani lokacin da baya, suna kauce wa faifai da goruna. Aikin yana da haɗarin da ya sa tun daga watan Agustan 2024 USA Hockey ta wajabta wa alƙalan da ba su kai shekara 18 ba sanya abin kare wuya, bayan takalmin wasa ya yanke wuyan ɗan wasa Adam Johnson a Sheffield ta Ingila a watan Oktoban 2023, ya mutu.

Wata safiya a kakar bara wani yaro alƙali, wanda ba zai wuce shekara 14 ba, ya ɗaga hannu ya busa usur a kan wani ɗan wasa da ya taɗe abokin karawarsa. Hukuncin daidai ne, minti biyu a benci, ba kati ba kora. Ya sulalo zuwa tagar ɗakina domin ya faɗa mini lambar rigar mai laifin, kamar yadda doka ta tsara, sai wani magidanci mai furfura a gemu ya sauko daga mazauninsa yana dukan gilashi da tafin hannu, yana kiransa makaho, yana tambayarsa wanda ya biya shi. Yaron ya faɗi lambar sau biyu ban ji ba, saboda muryarsa na rawa, sai da ya nuna mini da yatsu. Koren kambun yana nan a damtsensa na dama, tsakaninsa da fuskar mutumin bai fi kamu biyu ba. Mutumin ya gan shi sarai. Ko da babu kambun ma, wanda ya dubi tsawon yaron da yadda rigar mai ratsin baƙi da fari ta yi masa yawa ya san ba babba ba ne.

A nan hujjar masu kambun take rushewa, domin an gina ta a kan zaton cewa rashin sani ne ke sa manya cin zarafin waɗannan yara. Babu uban da ke zagin alƙalin wasa saboda ya ɗauka ɗan shekara arba'in ne. Duk wanda ya kalli bidiyon nan na birnin Seattle da ya karaɗe duniya a watan Fabrairun 2025 ya ga yadda wani uba ya shigo kan ƙanƙara ana tsakiyar wasan yara, ya tunkuɗe alƙalai biyu waɗanda babu wanda ya haura shekara 14 a cikinsu, suka faɗi da baya a kan ƙanƙara. An gurfanar da shi a kotu, kuma hakan ya dace. Amma a tambayi kowa: wane launin ƙyalle ne zai tsayar da mutumin da ya buɗe ƙofar fili ya taka ƙanƙara da takalmin titi ya nufi yara? Wanda ya yi nisa ba ya jin kira, balle ya tsaya karanta alama.

Akwai kuma wani saƙo da kambun ke isarwa a fakaice wanda ya fi damuna. Idan aka ce a ji tausayin wannan domin yaro ne, to an faɗa wa 'yan kallo ke nan cewa wanda ba shi da koren ƙyalle halal ne a zage shi. Ranar da matashi ya cika shekara 18 sai a cire masa kambu a miƙa shi ga masu ihu. Kuma manyan alƙalan wasannin da ba na ƙwararru ba su ne ƙashin bayan abin baki ɗaya: malaman makaranta, direbobi, ma'aikatan ofis, waɗanda ke tashi daga aiki su je su yi alƙalancin gasar manya ta nishaɗi da ƙarfe goma sha ɗaya na dare a kan ɗan abin da da ƙyar ya wuce kuɗin mai, da kuɗinsu suke sayen takalma da hular kwano, da kuɗinsu suke sabunta rajista duk shekara. Su ne ke koya wa yara aikin. Idan suka gaji suka ajiye usur, babu wanda zai tsaya kusa da ɗan shekara 14 a wasansa na farko.

Kuma suna ajiyewa. Ƙungiyar NFHS, mai tsara dokokin wasannin makarantun sakandare a Amurka, ta bayyana a 2022 cewa kimanin alƙalai 50,000 sun bar aiki tun daga kakar 2018 zuwa 2019 a dukan wasanni. A kakar 2021 hukumar ƙwallon gora ta jihar Massachusetts ta koka da cewa ta rasa alƙalai wajen 900, har ana soke wasanni. Annobar korona ta taimaka, ba musu, domin mutane da yawa sun zauna a gida shekara guda sun ɗanɗana daɗin ƙarshen mako babu mai zaginsu, suka ƙi komawa. Abin da ke biyo baya kowa ya san shi a filayen nan: idan gogaggu suka tafi, sai a tura sababbi wasannin da suka fi ƙarfinsu, kuskure ya yawaita, ihu ya ƙaru, su ma sababbin su gudu kafin su goge. Iyayen da ke ƙorafin cewa alƙalancin zamanin nan ya lalace su ne suka kori waɗanda da yanzu sun ƙware.

Ra'ayin da na fi tsana shi ne na masu cewa ihu a kan alƙali wani ɓangare ne na al'adar wasan, wai da haka yaro ke yin tauri. Gaskiya ne wasan ya daɗe da rikici a jininsa. Wasan farko da aka shirya a rufaffen fili, a Montreal ranar 3 ga Maris 1875, da faɗa ya tashi, kuma har yau ƙwararru biyu za su jefar da safar hannu su dambace a gaban dubban mutane, a ba su minti biyar a benci su dawo. Amma daɗewar abu ba ta wanke shi. Wannan al'adar ce ta kai ga abin da ya faru a garin Reading na Massachusetts a watan Yulin 2000, inda wani uba ya doki wani uban da ke kula da atisayen yara har ya mutu a gaban 'ya'yansa, kotu ta ɗaure shi shekara 6 zuwa 10 a 2002. Mu da muka taso muna ganin yadda ake rufar wa alƙalin ƙwallon ƙafa da duka a filayenmu na gida idan mai masauki ya sha kashi, mun san inda irin wannan magana take ƙarewa, kuma ba mu taɓa ganin dukan ya gyara alƙalanci ba. Mai cewa zagi na sa yaro tauri, ya fara gwadawa a kan ɗansa mai tsaron raga duk lokacin da aka zura masa, mu ga ko zai jure mako biyu.

Dokoki kuwa ba a rasa su ba. Tun 2010 hukumar wasan ta birnin Calgary, Hockey Calgary, ta wajabta wa iyaye yin wani kwas na intanet mai suna Respect in Sport kafin a yi wa yaransu rajista, kuma yankuna da dama sun kwaikwaya. Ni ma na yi shi, na kuma ga iyayen da suka bar bidiyon yana tafiya a kwamfuta suna wani aikin. Hockey Canada ta ƙara sashe na 11 a littafin dokokinta a 2021 domin hukunta cin zarafi da kalaman wariya, kuma a kakar farko kaɗai an rubuta ƙorafi da hukunci fiye da 900 a kan wariya. USA Hockey tana da dokarta ta rashin sassauci wadda ta ba alƙali ikon tsayar da wasa har sai an fitar da ɗan kallon da ya wuce gona da iri. A takarda komai ya yi kyau. Amma a duba wanda aka ɗora wa zartarwa: shi dai wannan yaron mai rawar murya ne ake so ya busa usur, ya tsayar da wasa, ya nuna wani babban mutum da yatsa a gaban jama'a ya ce a fitar da shi, sannan bayan an tashi ya bi ta gabansa a farfajiya ya je ya jira mahaifiyarsa ta zo ɗaukarsa. Manyan da suka kasa tunkarar ɗan'uwansu babba sun sa yaro a gaba suna laɓe a bayansa.

Dalilin laɓewar ba ɓoyayye ba ne. Wasan nan yana cin kuɗi, iyali kan kashe dubban daloli a shekara wajen rajista da kaya da tafiye-tafiye da hayar fili, kuma uban da ya zuba irin wannan dukiya yana ganin kansa a matsayin mai sayen kaya wanda dole a faranta masa, wani ma yana mafarkin ɗansa zai kai NHL, duk hukuncin minti biyu sai ya zame masa kamar an taɓa jarinsa. Shugabannin ƙananan ƙungiyoyi 'yan sa-kai ne, maƙwabtan waɗannan iyaye ne, wani lokacin mai ihun shi ne ke ɗaukar nauyin rigunan ƙungiyar. Sayen koren ƙyalle ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan a kira irin wannan mutum a waya a ce masa kada ya sake taka filin har ƙarshen kaka. Za a ce mini a wasu yankunan an haɗa kambun da ƙarin hukunci ga wanda ya ci zarafin mai sanye da shi. Hukuncin yana kama koci da ɗan wasa ne, waɗanda ke da suna a takardar wasa, mai dukan gilashi kuwa babu sunansa ko'ina. Masu cewa a sa kyamara a kowane fili suna so ne a ba iyaye sabon abin jayayya, masu cewa a ƙara kuɗin alƙalanci kuma suna maganar farashin da za a saye haƙurin yaro da shi.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin kowa ba. A kowane wasan yara a sa babban mutum guda a cikin 'yan kallo wanda aikinsa kawai shi ne fitar da mai cin zarafi, ba tare da an jira alƙali ya nema ba. Laifin uba ya hau kan ƙungiyar ɗansa, ko da rage mata maki ne ko buga wasa na gaba babu ɗan kallo, domin sauran iyaye ba za su bari mutum ɗaya ya jawo musu asara sau biyu ba. Yadda za a tsara wannan aikin shugabanni ne, shi ya sa aka zaɓe su. A taronmu na gaba an sa batun ƙara odar kambu a jerin abubuwan tattaunawa, ni kuwa tambaya ɗaya zan kai: iyaye nawa aka hana shiga filinmu a kakar bara saboda cin zarafin alƙali? Ina so a ba ni amsar da lamba, a kuma rubuta ta a littafin taro.