Me Fasto ya ce ranar Lahadi?

'Yan'uwana matasa, salama a gare ku. Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada, muna jiran abin hawa zuwa Kwangila da wasu samari uku, sai na tambaye su a kan me aka yi wa'azi. Ɗaya ya ce, "Kai, yau Fasto ya yi wuta!" Na ce wutar me? Shiru. Na biyu abin dariyar da aka ba da a tsakiya kaɗai ya riƙe. Na uku ya faɗi gaskiya: wayarsa tana kwance cikin Littafi Mai Tsarki, kansa a sunkuye kamar mai bin aya, alhali WhatsApp yake.

Ban yi musu dariya ba, don nawa ciwon ya fi nasu. Ni ina saurara, har rubutu nake yi, amma wa wasu nake saurara. In an taɓo gulma, in ce da wance ake. Laifi tudu ne. Ran da aka karanta Matiyu 5:23-24, inda Yesu ya ce ka ajiye baikonka a gaban bagade ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna, "Amin" ɗina ya fi na kowa ƙarfi. Na tashi na jefa baikona. A lokacin wata biyar ba na magana da ƙanena saboda kuɗin da na ranta masa, kuma yana nan zaune a layin mawaƙa, muna ganin juna.

Yakubu, a wasiƙarsa cikin Littafi Mai Tsarki, ya kwatanta irinmu da mai duba madubi, ya juya ya manta kamanninsa. Yanzu fa ku tuna, a nan Zariya ba mu da uzurin rashin fahimta. Tun 1929 mishan ta koma Wusasa, aka gina cocin St. Bartholomew da ƙasa, yana nan har yau. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, aikin da Likita Miller, ɗan mishan, da abokan aikinsa suka sha wahalarsa shekara da shekaru. Da harshen da kake cinikin tumatir a kasuwar Sabon Gari ake yi maka magana.

Don Allah ka kashe wayar, ko ka zo da littafin takarda. Rubuta ayar, ka sake buɗe ta da yamma kamar mutanen Biriya, waɗanda ko Bulus ne ya yi wa'azi sai sun bincika Nassi. Sannan ka ɗauki abu ɗaya tak, wanda ya sosa maka inda ke ƙaiƙayi, ka aikata shi kafin addu'ar Laraba.

Ni dai sai bayan mako biyu na iya taka ƙafa zuwa ɗakin ƙanen nawa a Samaru. Ya buɗe ƙofa ya ce, "Yaya, lafiya?" Maganar kuɗin ba ta ma taso ba.